Gabana Na Faɗuwa Da Dare, Na Gwada Numfashin Yoga Jiri Ya Kwashe Ni

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu. Tun bara da kasuwancin maigidana ya karye, bashi ya yi mana katutu, barci ya ƙaurace mini. Ina kwance sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, ƙirjina ya yi nauyi in kasa cika numfashi. Na je asibiti an gwada zuciyar an ce lafiyarta ƙalau, sai dai jinina ya hau, an ɗora ni a kan magani. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya turo mini bidiyon motsa numfashi irin na yoga, wanda suke kira pranayama. Na gwada wanda ake fesar da iska ta hanci da sauri-sauri. Ban yi minti biyu ba jiri ya kwashe ni, yatsuna suka riƙa zirr, leɓena ya mutu. Surukata ta ce ai bautar Indiyawa ce, shi ya sa iska ta taɓa ni. Anti, abin nan yana da amfani ko yaudara ce? Ya halatta? Idan na iya shi zan iya ajiye maganin hawan jinin?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama. Allah ya yaye muku wannan bashi, ya mayar wa maigidanki da ninkin abin da ya rasa. Macen da take kwana ido biyu, gari ya waye ta haɗa wa yara abin kari, ta tafi ta tsaya gaban aji har azahar, ba ƙaramin kaya take ɗauke da shi ba. Na ji daɗi ƙwarai da kika fara da asibiti kafin komai.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce mai haɗari. Kada ki ajiye maganin hawan jini. Ko kin ƙware a wannan numfashi, ko kin auna kin ga jinin ya sauka, likitan da ya ɗora ki a kai shi ne zai rage ko ya sauke. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Mutum yana jin kansa garau, alhali ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna shan wahala a ɓoye. Numfashi a hankali yana iya rage jinin kaɗan, amma kaɗan ɗin nan bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba.

Sai maganar jirin. Babu iskar da ta taɓa ki, kuma zuciyarki ba ta samu matsala ba. Yadda kika kwatanta, wanda kika gwada shi ne suke kira kapalabhati, inda ake buga ciki ana fesar da iska kamar zuga-zugin maƙeri. A makaranta an koya mana cewa oksijin da muke shaƙa ita ce mai amfani, kabon dayoksaid da muke fitarwa kuwa datti ce. Maganar ba ta cika ba. Jiki yana buƙatar wani kaso na kabon dayoksaid ya zauna a cikin jini, domin tana cikin abin da ke sa hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su kasance a buɗe. Idan mutum ya riƙa fitar da numfashi da sauri fiye da buƙatar jikinsa, sai ya kwashe ta da yawa, hanyoyin su tsuke, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Daga nan jiri yake zuwa. Sinadarin jinin ma yakan ɗan sauya na wani lokaci, shi ke sa yatsu su yi zirr, leɓe ya yi kamar ba naki ba. Ko ƙaton da bai san ciwon kai ba, in ya yi haka na minti biyu abin da zai ji ke nan, kuma da an daina komai yake komawa daidai cikin 'yan mintuna.

Ina so ki tsaya a nan ki yi tunani, domin wannan tsautsayin da ya tsorata ki ya nuna miki wani abu game da darenki. Idan kina kwance tunanin bashi ya faɗo miki, jikinki yakan ɗauka wani haɗari ne ya tunkaro. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, yana fita da sauri ba tare da kin lura ba. Sai ki ji kamar iska ba ta isarki, ki buɗe baki ki ƙara ja da ƙarfi. Ƙara jan nan shi ke ƙara kwashe kabon dayoksaid ɗin, jiri da nauyin ƙirji su ƙaru, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Haka abin zai yi ta zagayawa har ki ɗauka ajali ne ya zo. Wato abin da kika yi wa kanki da gangan a gaban bidiyo, shi ne jikinki yake yi miki da kansa ƙarfe biyun dare. Saboda haka ke ba ƙarin iska kike buƙata ba. Abin da kike buƙata shi ne numfashin ya rage gudu, musamman wajen fita.

Su kansu masu abin sun san da wannan haɗari tun da daɗewa. Sarrafa numfashi shi ne mataki na huɗu cikin matakai takwas na yoga da wani malamin Indiya na zamanin da, mai suna Patanjali, ya jera a tsohon littafinsa. Wani littafin da aka rubuta a ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, ya ce kamar yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba zai halaka mai yinsa. Ya ma lissafa abin da yinsa ba daidai ba ke jawowa: shaƙuwa, tari, ciwon kai, ciwon kunne da na ido. A koyarwarsu ta asali ba a sakar wa sabon shiga irin wanda kika fara da shi sai da malami a kansa. Masu bidiyo ne suke sa shi a gaba saboda ya fi ɗaukar ido. Ƙanenki alheri ya nufa, ki sa masa albarka, amma ya buɗe miki ƙofar da ba taki ba.

To mene ne amfanin na hankali ɗin? Ga gwajin da za ki yi yanzu. Ki ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannunki inda jijiya ke bugawa. Ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali, ki saurara. Za ki ji bugun yana ɗan ƙara sauri idan kina shaƙa, yana ɗan lafawa idan kina fitarwa. Haka Allah ya halicci kowa. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya da huhu da hanji, aikinta ya haɗa da lafar da bugun zuciya, kuma ta fi samun iko lokacin da iska ke fita. Ba za ki iya ce wa zuciyarki ta rage gudu ta ji ba. Ba za ki iya umartar hanjinki ko gumin tafin hannunki ba. Amma numfashi, duk da yana tafiya da kansa ko kina barci, kina iya karɓar ragamarsa duk sadda kika so. Ta nan ne kaɗai kike da hannu kai tsaye a kan wannan tsarin, kuma wannan ne gaskiyar da ke cikin pranayama idan aka cire ƙarin gishiri.

Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Masu bincike sun lura cewa idan aka sauko da shi kusan sau shida a minti, numfashi da bugun zuciya da tsarin da ke daidaita hawan jini sukan hau layi ɗaya. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Sun auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, sun kuma auna su suna maimaita kalmomin yoga. Duka biyun sun saukar da numfashi zuwa kusan shida a minti, kuma duka biyun sun yi tasiri iri ɗaya a kan zuciya. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa idan na zo maganar Mama, surukarki. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa mutum sama da 100 yin atisaye na minti biyar kullum har wata guda, wasu numfashi iri-iri, wasu zaman nutsuwa kawai. Waɗanda suka fi samun sauƙin zuciya su ne masu tsawaita fitar da iska. A Indiya ma tun 1924 wani malami mai suna Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a garin Lonavla don a riƙa auna waɗannan abubuwa da kayan asibiti maimakon a tsaya ga abin da aka gada.

Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne: yana rage fargaba, yana taimaka wa mutane da yawa su samu barci, yana ɗan sassauta jini, yana koya wa mutum ya gane tashin hankalinsa tun yana ƙarami. Duk wanda ya ce miki yana warkar da ciwon suga ko daji ko rashin haihuwa, kasuwarsa yake ci. Wannan yana ɓata mini rai, domin masu irin wannan alkawari su ne ke sa marar lafiya ya bar asibiti har lokaci ya ƙure.

Ga yadda za ki fara. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, kafin ki ci komai. Ki sassauta ɗaurin zaninki, domin yawancinmu muna ɗaure ciki tamau sannan mu yi mamakin me ya sa numfashi ba ya sauka. Ki zauna a tabarma ki jingina da bango, ko a kujera ƙafafunki a ƙasa. Ba dole sai kin naɗe ƙafa irin ta bidiyo ba. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. In kina da jariri a kusa ki kalle shi yana barci: cikinsa ne ke tashi yana sauka, kafaɗunsa ba sa motsi. Haka ake so. Ki rufe baki, ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, hannun cibiya ya ɗago, na ƙirji ya zauna kusan inda yake. Sai ki sake ta hanci kina ƙirga shida, siririya, ba tare da kin matse ta ba. Huɗu da shida sakan goma ke nan, sau shida a minti. Kada ki cika huhun har wuya. Numfashi matsakaici, marar ƙara, wanda na kusa da ke ba zai ji ba. In shidan ta yi miki tsawo kika ji kina haki a ƙarshe, ki koma uku da huɗu, bayan kwanaki ki ƙara. Minti biyar ya isa. Da dare kafin ki kwanta ki sake wani biyar, a kwance ma ya yi.

Kwanakin farko za ki ga kamar ba abin da yake yi. Tunani zai yi ta kutsowa, kuɗin makarantar yara, mai bin bashin da ya zo jiya, ƙirgan ya ɓace miki. Ba laifi, ki dawo kan ɗaya ki ci gaba. Wasu ma da sun mai da hankali kan numfashinsu sai fargabar ta ɗan ƙaru da farko. In haka ta faru ki buɗe ido, ki kalli wani abu a ɗakin, ko ki tashi ki yi shi kina tafiya a tsakar gida, taku huɗu kina shaƙa, taku shida kina fitarwa. Dalilin yinsa kullum lokacin da kike lafiya lau shi ne jiki ya saba, yadda idan daren ya zo ba sai kin tsaya tuna yadda ake yi ba.

Idan kuwa abin ya taso miki cikin dare, ki tashi zaune, ki yi addu'ar da kika saba. Sai ki shaƙa ta hanci, kafin ki saki ki ƙara ɗan ja kaɗan a kai, sannan ki fitar ta baki a hankali, doguwa, har ta ƙare. Wannan ita ce ajiyar zuciyar da yaro ke yi bayan ya sha kuka, kuma irinta ce ta yi zarra a binciken Stanford ɗin. Ki yi sau uku ko biyar, sannan ki koma huɗu da shida. Ki gaya wa kanki gaskiyar da likita ya gaya miki: an duba zuciyar nan, lafiyarta ƙalau, wannan zai wuce.

Bayan mako biyu ko uku, in kina son ƙari, akwai biyu masu sauƙi. Ɗaya shi ne bhramari: ki shaƙa, ki rufe baki ki fitar da iskar da ƙugi irin na ƙudan zuma. Ƙugin da kansa yake tsawaita fitar, kuma yana cika kai da sauti har tunani ya rasa wurin zama. Ɗayan shi ne nadi shodhana: ki toshe hancin dama da babban yatsa ki shaƙa ta hagu, ki toshe hagu ki fitar ta dama, ki shaƙa ta dama, ki fitar ta hagu. A ganina amfaninsa shi ne yana ba hannu da hankali aikin yi, yana kuma tilasta numfashi ya yi sannu. Lokacin hunturu da ƙura ke toshe hanci ki bar shi. Kuma don Allah kada ki zauna yin wannan a ɗakin da aka rufe da hayaƙin turaren wuta ko na maganin sauro.

Kapalabhati da ɗan'uwansa bhastrika, da duk wanda ake riƙe numfashi tsawon lokaci, ki bar su gaba ɗaya tunda kina da hawan jini. Haka mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Mai asma yana iya yin na hankalin, amma abin shaƙarsa ya kasance a kusa. In kuma wata rana kika ji ciwon ƙirji mai matsewa yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, ko ƙafafunki suka kumbura, ko gefe ɗaya na jiki ya saki, wannan ba na ƙirga huɗu da shida ba ne, asibiti za a tafi a lokacin. Idan kin koma ganin likita ki roƙe shi ya duba yawan jininki da kuma ƙwayar maƙogwaro da ke jawo maƙoƙo, domin ƙarancin jini da yawan aikin wannan ƙwaya duk suna sa bugun zuciya, kuma sun fi yawa a mata. Goro da kofi da shayi mai kauri bayan la'asar, ki rage.

Yanzu maganar Mama. Kada ki yi mata dariya, kuma kada ki yi musu da ita. Ba ta yi ƙarya ba da ta ce abin yana da alaƙa da addinin Indiyawa. Yoga a cikin addinin Hindu ta girma, kuma a wurin masu riƙe da ita yadda take, sarrafa numfashi hanya ce ta neman wani matsayi na ruhi. Akwai kalmomin da ake rerawa, akwai gaisuwar rana, akwai aƙidar wasu cibiyoyin ƙarfi a jiki. Malaman Musulunci sun duba wannan. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cakuɗe da ita na rera kalmomin bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ke da ibadar Hindu a ciki haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. A 2017 Saudiyya ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Fatawa ta malamai ce, ki samu malamin da gidanku ya yarda da shi ki kwatanta masa daidai abin da za ki yi. Ra'ayina dai shi ne, abin da na koya miki a sama babu kiran sunan kowa a ciki, babu rusunawa ga komai, babu wata kalma da za ki furta. Huhu da jijiya halittar Allah ne, ba na wata ƙabila ba. Binciken Bernardi ma abin da ya nuna ke nan: addu'o'in addinai biyu daban-daban sun yi aiki iri ɗaya a jiki, saboda abin da ya yi aikin shi ne saukin numfashin. Kuma gyara zuciya ta hanyar jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Duk bidiyon da kika ga an fara rera wani abu ko haɗa tafuka ana sunkuya wa hoto, ki wuce shi. Wa Mama kuwa ki ce kin bar wancan da ya sa ki jiri, wanda kike yi yanzu motsa huhu ne irin wanda ake koya wa marasa lafiya a asibiti. Gaskiya ce, domin masu gashin ƙashi da motsa jiki a asibitoci suna koya wa masu ciwon huhu numfashin ciki da tsawaita fitar da iska. In ta yarda ma ki zauna kusa da ita ki yi ta gani.

Akwai abin da ban so in rufe ban faɗa ba. Wasiƙarki ta yi maganar zuciya da jini da bidiyo, amma tushen abin yana layi na biyu: bashi. Numfashi zai sassauta miki dare, ba zai biya ko kwabo ba. Ina zargin ke da maigidanki kowa yana kwana da nasa tunanin, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya ƙara masa damuwa. Ku zauna da rana, ba da dare ba, da biro da takarda. Ku rubuta kowane bashi, nawa ne, na wane ne, wanne ne ke da wa'adi, wanne ne mai shi zai iya haƙuri in an je an same shi da wani babba. Bashin da yake a rubuce ya fi wanda ke yawo a kai sauƙin ɗauka. Ki kuma samu mutum ɗaya, yayarki ko aminiyarki, wadda za ki iya yi wa kuka ba tare da maganar ta zagaya unguwa ba.

In kin yi wata guda kina wannan amma har yanzu barci bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko kika daina jin daɗin komai har 'ya'yanki, ko tunanin gara mutuwa ya fara gifta miki, ki koma asibiti ki faɗa wa likita da bakinki cewa damuwa ce ke cin ki, ki nemi a haɗa ki da masu kula da wannan fanni. Ciwo ne mai magani, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka ko raunin imani.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon jininki da yadda kika kwana, ki tafi da shi ranar ganin likita. Bayan wata guda ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Ki gaida maigida da yara, ki gaida Mama da kyau.